Rigata a Jikin Ambasada

Ambasada ya ce ni mahaukaci ne. Da yatsa ya fara faɗin haka, a ƙasar Turawa, a gaban 'yan sanda biyu. Yanzu kuma ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa, da sunana ƙuru-ƙuru, Tanimu Mai Bugu, ko harafi ɗaya bai rage ba. Abin da ya yi mini ke nan. Na fara da shi ne don kada wani ya karanta rabi ya ce Tanimu ya tsufa yana neman wanda zai zaga.

Ba zan kira sunansa ba. Ba tsoro ba ne, duk wanda ya kwana biyu a Jos ya san wanda nake nufi.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da na haɗiye kamar yadda na haɗiye shekara goma sha ɗaya. To amma ina da 'ya, Hajara, tana aikin gwaje-gwaje a Vom. Ta samu miji, mutumin kirki, mutanensa sun zo gaisuwa, saura sa rana. Sai ga baffan angon, Malam Idi, tsohon hedimasta, irin mutanen nan da ko takardar ƙunshin ƙosai suka gani sai sun karanta. Shi ya sayi littafin. Bayan kwana uku aka aiko mana wai a ɗan dakata, suna bincike. Na san irin binciken. So suke su ji ko abin yana bin jini. Hajara kuwa ta daina cin abinci da mu.

Ni a aji huɗu na firamare na tsaya. Ban san siyasa ba, amma na san riga. Kakana kuza ta kawo shi garin nan, ubana ya ga ramin kuza yana cin mutane ya koma bugu, ni kuma na gada. Rumfarmu tana bayan Terminus, tun kafin kasuwa ta ƙone har bayan ta ƙone. Ga wanda bai sani ba, shadda ba a goge ta da dutsen guga kamar rigar 'yan makaranta. Jiƙa ta ake da sitati da ƙaro, a bari ta sha iska, a ninke, a ɗora a kan gungume, a yi ta dukanta da mabugi har ta ɗauki sheƙi, in mai ita ya motsa a ji tana magana.

Ranar da mutumin nan ya fara zuwa rumfata malamin sakandare ne daga Kabong, siriri kamar sandar rake, da riga guda ɗaya ta aro zai je ɗaurin aure. Da ya zama shugaban ƙaramar hukuma ya ɗinka biyu. Da ya zama kwamishina suka zama bakwai, wuyan ya ƙara faɗi. Da ya zama minista ya daina zuwa da kansa, sai mota ta kawo su a jaka. Duk muƙamin da ya hau, ni na riga gidan rediyo sani, daga nauyin shaddar.

Kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aiki. Lokacin da garin nan ya rikice, maƙwabci yana kallon maƙwabci da gefen ido, yana cikin waɗanda suka zaunar da limamai da fastoci a ɗaki ɗaya har suka ci abinci tare. Baiwarsa ita ce bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba, amma kowa zai tashi yana ganin shi aka ba gaskiya. Na daɗe ina sha'awar wannan baiwar. Ban san wata rana a kaina za a gwada ta ba.

Da aka naɗa shi jakada a wata ƙasa mai sanyi a Turai, shi da bakinsa ya ce, "Tanimu, da kai za mu. Rigata ita ce tutar ƙasa a can, ba zan ba wanda bai san ta ba."

Masifa ta farko a filin jirginsu ta tare ni. Na zo da akwatina, da mabugai biyu, da gungumen ubana naɗe a buhu, itacen da ya girme ni. Wani jami'i mai jan gemu ya kwance buhun, ya zagaya gungumen sau biyu, ya kira wani, shi ma ya kira wata mata da kare. Karen ya shinshina ya yi atishawa. Suka ce itacen waje ba ya shiga ƙasarsu, wai yana iya zuwa da ƙwari. Na ce da ɗan Turancina, shekara sittin ana dukan itacen nan safe da yamma, wane ƙwaro ne zai zauna a ciki? Ba wanda ya saurare ni. Na waiga neman Ambasada, ashe shi da Madam sun bi ta wata ƙofa mai jan kafet tun tuni. Mabugan ma da ƙyar suka tsira, don suna da santsi na ce musu kayan ado ne. Ina kallo aka tura gungumen ubana a kan amalanke kamar gawa. Ko sallama ban yi masa ba.

Ta biyu kuma sanyi. Mu mutanen Jos muna da wani girman kai a kan sanyi, in baƙo daga Sakkwato yana rawar ɗari mu yi ta dariya. To na je inda aka rama wa Sakkwatawa. Sanyin can ba ya tsayawa a fata, haƙori yake nema.

Direban ofishin jakadanci, Oga Bulus, ɗan ƙasarmu ne da ya shekara ashirin a can. Ya dube ni ina karkarwa a cikin 'yar suwaita, ya ce, "Kai Mallam, za ka mutu fa. Me ka kawo daga gida?" Na ce kilishi da yaji. Ya ce in kawo kilishin duka, zai ba ni kwat ta manya. Kashegari ya kawo ta. Ruwan hoda ce, da gashi a wuya kamar an yanka mage an ɗora, ta matse a ƙugu ta buɗe a ƙasa. Na ce, "Oga Bulus, wannan ba ta mata ba ce?" Ya ce, "Nan Turai ne. Ka ga wani yana tambaya?" Lallai ba wanda ya tambaya. Kallo kawai suke, su yi murmushi, su kawar da kai. Sai daga baya na ga hoton matarsa sanye da ita.

Gidan jakada ana gyara a lokacin, don haka aka sauke mu a wani bene na haya, hawa na uku, Turawa sama Turawa ƙasa. Ban taɓa zama a wuri mai shiru irin wannan ba. Gida cike da mutane, amma ko tari ba ka ji. Ba kiran salla, ba ƙararrawar coci da za ka ce ta unguwa ce, ba mai keke yana zagin mai mota. In na tsaya a taga sai in riƙa jin hayaniyar Terminus a kunnena, masu dankali da masu gwanjo, har in ji ƙwalla. Mutum bai san yana son surutu ba sai an raba shi da shi.

Sai maganar riguna. Manyan kayan Ambasada suna cikin jirgin ruwa ba su iso ba, riga uku kawai ya zo da su. Ranar Litinin kuma zai je fadar shugaban ƙasar ya miƙa takardar kama aiki, ranar da babu irinta a rayuwar jakada. Madam ta ga ba ni da gungume, ba ta shawarce ni ba, ta kwashe ukun ta ba Bulus ya kai gidan wankin Turawa. Ranar Juma'a suka dawo a rataye cikin leda, suna ƙamshin fure. Na taɓa ɗaya na gane ɓarnar da aka yi. Sun wanke sitatin, sun wanke ƙaron, sun wanke mutuncin. Shadda ta koma laushi kamar zanen goyo.

Ambasada ya sa ɗaya ya tsaya a madubi. Ta kwanta masa a jiki, tumbin ya fito sarai. Madam ta ce, "Ai ba laifi." Ya ce, "Ba laifi? Na yi kama da wanda aka sallamo daga asibiti." Ya juyo gare ni. "Tanimu, ka san yadda za ka yi."

A ƙasan benen akwai wani tsoho Bature mai shagon kafinta. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, Baba Kafinta nake ce masa. Ba ya jin Ingilishi, ni ma ba za a ce ina ji ba, don haka mun daidaita. Na kai masa mabugan, na nuna da hannu abin da aka ƙwace mini. Ya juya mabugi a hannunsa, ya shafa, ya gyaɗa kai kamar mai gaida babba. Ya shiga ciki ya gangaro da wani guntun itace mai nauyi, ya yini ranar Asabar yana fere shi yana gogewa har ya yi sumul. Na miƙa masa agogona ya ture hannuna. Duk zamana a ƙasar nan, shi ne mutum na farko da ya gane cewa ni mai sana'a ne.

Da zan tafi ya jawo ni gaban kalanda, ya ɗora yatsa a kan Lahadi, sannan ya ɗora a leɓensa. Ya yi haka har sau uku. Ni kuwa na ɗauka cewa yake kada in gaya wa kowa kyauta ya ba ni, musamman gobe da danginsa za su zo. Na dafa ƙirji na ce ya kwantar da hankalinsa, ba mai ji daga bakina.

Ashe a ƙasar nan haramun ne a yi ƙara ranar Lahadi. Doka ce. Ko ƙusa ba a kafawa. Bulus ya sani bai faɗa ba. Ambasada, mai digiri uku, ban san ko ya sani ba, amma da safiyar Lahadin da zai tafi coci shi ya ce, "Kafin in dawo in ga rigar nan tana ɗaukar ido."

Na riga na sa mata sitati tun jiya, ta sha iska a kan ƙarfen ɗumama ɗaki. Madam ta ce ba a cikin gida ba, kada in fasa musu daɓe. Sai na sauka tsakar gidan benen, fili ne da gine-gine suka kewaye ta ko'ina, na share ƙanƙara, na kafa gungume, na naɗe hannun kwat ɗina mai ruwan hoda, na yi bisimilla.

Wallahi ban taɓa jin bugu ya yi daɗi irin na ranar ba. Bangon nan huɗu suna amsawa, in na buga ɗaya sai in ji huɗu, kamar 'yan'uwana na rumfa sun biyo ni. Jikina ya yi ɗumi karo na farko tun zuwana. Har waƙar da ubana yake yi in aiki ya yi daɗi na ɗauko. Tagogi suka fara buɗewa. Na ga kawuna, na ɗaga musu mabugi alamar gaisuwa. Wata tsohuwa ta yi ihu, na ce a raina, ashe su ma sun san abu mai kyau.

Ban kai rabi ba sai ga 'yan sanda, namiji da mace. Yanzu ku tsaya a inda suka tsaya ku duba: baƙin mutum a cikin kwat ɗin mata, gumi yana tururi a kansa, kulki a kowane hannu, yana dukan tsumma a kan itace yana waƙa. Ni ma da ni ne su da na tsaya nesa. Namijin ya yi magana, ban gane ba. Na ce bari in nuna musu yadda ake yi, na ɗaga mabugi sama. Suka ja da baya, macen ta dafa ƙugu. Wajen ja da bayan ta taka gefen rigar, ta jawo ta cikin ruwan ƙanƙara da taɓo.

Daidai nan Ambasada ya shigo, da kwat da Littafi Mai Tsarki a hammata. Na ce alhamdu lillahi, ga mai bayani ya zo. Ya dubi rigar, ya dubi tagogi, ya dubi wani mai tabarau a hawa na biyu da ke ɗaukar hoto. Sai ya yi murmushin nan nasa da ya sasanta limamai da fastoci. Ya ja 'yan sandan gefe, ya yi magana a hankali, ya nuna ni, sannan ya ɗora yatsa a gefen kansa ya juya shi sau biyu.

Turancina kaɗan ne, amma wannan yatsan ba ya bukatar tafinta.

Nan take fuskokinsu suka yi laushi. Macen ta karɓi mabugan a hankali kamar mai karɓar wuƙa a hannun jariri. Ambasada ya ce mini da Hausa, "Ka bi su, Tanimu. Lafiyarka kawai za su duba, saboda sanyi. Da la'asar Bulus zai ɗauko ka."

La'asar ɗin nan kwana goma ta yi.

Asibitin yana da tsabta, ba zan yi musu ƙarya ba. Ƙofofin ne dai ba su da mariƙi ta ciki. Likita, wata doguwar mata, ta tambaye ni da Ingilishi mene ne aikina. Na ce ina dukan riga. Ta rubuta. Ta ce me rigar ta yi mini? Na ce ba ta yi komai ba, sai an dake ta take kyau. Ta rubuta da yawa. Ta ce tun yaushe nake haka? Na ce tun ina ɗan shekara tara, ubana ma haka yake, har ya mutu. Nan ta cire tabarau ta dube ni da tausayi. Ni da bakina na ba su shaidar cewa abin na gado ne.

Ranar Litinin da yamma muna zaune a ɗakin talabijin, ni da wasu mutum biyar, sai ga labarai. Ga fada, ga sojoji, ga shugaban ƙasar, wani tsoho dogo. Ga Ambasada yana tahowa, riga tana walƙiya, kafaɗa a tsaye, har shugaban ya kai hannu ya taɓa hannun rigar yana murmushi. Na ce a raina, ina ya samo mai bugu a dare ɗaya? Sai kyamara ta matso.

Shuɗiyar shadda mai haske. Aska takwas, aikin hannu. Askar ƙarshe ta hagu ta ɗan karkace, don maɗinkin idonsa ya fara rauni lokacin. Rigata ce. Rigar da na sa ranar da aka ɗaura aurena da Asabe, uwar Hajara. Kwana uku na yi ina bugunta kafin mu taso, na ninke ta a ƙasan akwati don sallar idi a baƙon wuri. Ya buɗe akwatina ya ɗauka. Babbar riga ba ta da awo, duk wanda ya zura kai ta zama tasa.

Na miƙe na nuna talabijin na ƙwala ihu, "Rigata! Wallahi rigata ce!" Na faɗa da Hausa, na faɗa da Ingilishi. Ma'aikata biyu suka shigo da gudu. Wani tsoho da ke kusa da ni, wanda kullum yake sanye da hular takarda, ya dafa kafaɗata, ya nuna fadar, ya bugi ƙirjinsa. Wato shi ma gidansa ne suka ƙwace. Ya rungume ni. Aka ƙara mini ƙwaya ɗaya da safe.

Wadda ta fitar da ni ba jakada ba ce, mai goge daɓe ce. Ranar kwana na bakwai ina zaune ina zagin Bulus da kakanninsa a fili, tunda ba mai ji, sai na ji an ce a bayana, "Ɗan'uwa, wa ya ci maka tuwo da sassafe haka?" Na juya. Wata mata ce da tsintsiyar ruwa, Hajiya Mariyama, 'yar zangon Kumasi. Na riƙe bakin tsintsiyarta na yi kuka kamar yaro. Ta ji labarina tana dariya har da zama a kan bokiti. Da ta gama ta share ido ta ce, "Yo ai mijina ma sai an buga masa yake sawa. Tashi mu je wajen doguwar."

Ita ta yi wa likita bayani da harshensu, ta nuna mata hoton masu bugu a wayarta. Likita ta ce sai ta gani da idonta. Aka nemo Baba Kafinta, ashe shi ya je ya karɓo mabugan a wurin 'yan sanda, ya zo da su da gungumen a bayan motarsa, da tuffa huɗu a aljihu. Ranar Laraba, na tabbatar Laraba ce, na tambaya sau biyu, na buga wa likita ɗankwalin shadda na Hajiya Mariyama a harabar asibiti. Ta ɗaga shi a rana yana sheƙi. Sannan ta ba ni hannu ta ce in yi haƙuri. Ita ta ba ni haƙuri. Takardar sallama kuwa Bulus ya karɓa, ta shiga fayil ɗin ofis, ban sake ganinta ba.

Ambasada ya tare ni da shayi. Ya ce mai tabarau ɗin nan ɗan jarida ne, da an ce ma'aikacin sabon jakada ya karya doka ana gobe zai ga shugaba, da ƙasarmu ta sha kunya, amma marar lafiya ba shi da laifi. Ya ce, "Ka yi wa ƙasa hidima, Tanimu." Na ce rigata fa? Ya ce ai an riga an ɗauke shi hoto da ita, ta shiga tarihi, ba ta mutum ɗaya ba ce kuma. Ya ba ni wadda 'yar sanda ta taka. Na tashi daga gabansa ina jin kamar lambar yabo aka ba ni. Sai da na kai ɗakina na gane ba a ba ni komai ba. Na gaya muku ya iya aiki.

Na ƙara shekara biyu a can ina bugu a shagon Baba Kafinta, Talata da Alhamis. Na dawo gida na rufe bakina. Asabe kaɗai ta sani. Shi kuma ya ci gaba da hawa, daga wannan ƙasa zuwa waccan, aka tura shi sulhu wurare, ya yi ritaya, ya zauna ya rubuta littafi. A ciki, kamar yadda Hajara ta fassara mini tana kallon ƙasa, ya ba da labarin yadda wani hadiminsa mai taɓin hankali ya kusa jawo rikici tsakanin ƙasashe biyu, shi kuma da hikima ya kashe wutar, har ya nema masa magani. A bangon littafin ga shi nan yana gaisawa da dogon shugaban, a cikin rigata.

Jiya Alhamis, bayan azahar, na ciro hoton aurenmu daga bango, na sa a leda, na hau keke zuwa gidansa a Kabong. Mai gadi ya san ni, ya bar ni. Falon cike: fasto, wasu tsofaffin 'yan siyasa biyu, da wata mai rubutu a jarida da ta zo hira. A jikin bango, cikin akwatin gilashi, da 'yar fitila a samanta, ga rigata a rataye kamar waliyyiya.

"Ah, Tanimu! Tsohon abokina!" Ya buɗe hannu. Ya tsufa, amma murmushin yana nan yadda na san shi. "Ku san shi, wannan yana cikin littafi."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya kawo ni."

Ya rage murya. "Littafi ai sai da ɗan gishiri, Tanimu. Ba wanda zai ɗauka da zafi. Ka zo gobe mu zauna mu duba, akwai hanyoyi da yawa da za a..."

Na ce, "A'a. Na taɓa shan shayinka."

Na ciro hoton na jingina shi a jikin gilashin, dab da rigar. Ga ni ina saurayi, ga Asabe, ga aska takwas, ga ta ƙarshe ta hagu a karkace. Fasto ya taso ya sa tabarau, ya dubi hoton, ya dubi rigar, ya sake duban hoton, ya koma ya zauna. Mai jaridar ta buɗe sabon shafi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya rubuta littafi ba, don haka da baki zan faɗa. Kai ka sa ni bugu ranar Lahadi. Kai ka juya yatsa a kai, na kwana goma da mai hular takarda. Ina can ka buɗe akwatina. In ni mahaukaci ne, to da rigar mahaukaci ka gaida shugaban ƙasa, ita ce kuma a bangon littafinka. Na yi shiru shekara goma sha ɗaya saboda ƙasa, to ƙasa ta ci nata, yanzu auren 'yata ake magana. Jibi Asabar, ƙarfe goma na safe, za ka je gidan Malam Idi hedimasta, ka zauna a tabarmarsa, ka gaya masa da Hausa, ba da Turanci ba, cewa lafiyata ƙalau, ni da ubana. E ko a'a za ka ce masa, ba abin nan naka na tsakiya ba. In goma ta yi ban ga motarka ba, wannan hoton da bangon littafinka zan manna su gefe da gefe a rumfata, duk mai wucewa ta Terminus ya yi wa kansa hukunci. Kuma in za ka zo, ka buɗe gilashin nan ka taho mini da rigata, a cikinta zan aurar da Hajara. Kada Madam ta kai ta wanki. Ni zan buge ta."